Wa zai ɗauki kuɗin haya da na wuta? Rabon kashe-kashen gama-gari tsakanin sassan kamfani

Tambaya: Ni ne ke riƙe da lissafin wani kamfanin ɗab'i mai sassa uku: sashen zane, sashen bugu da sashen ɗaurin littattafai. Duk wata muna kashe 1,800,000 a kan abubuwan da kowa ke mora, wato haya, wutar lantarki, inshora da sabis ɗin injuna, da albashin ma'aikatan ofis. Muna raba kuɗin gwargwadon cinikin kowane sashe. Shugaban sashen zane yana cewa ana zaluntarsa, shi kuma mai kamfanin yana son rufe sashen ɗauri domin kullum asara yake nunawa. Na haɗo da alƙalumanmu. Wane ma'auni ya kamata mu bi?

Amsa: Malam, tambayoyi biyu ka dunƙule wuri ɗaya, kuma ina so ka raba su tun yanzu domin ba hanya ɗaya ake bi a amsa su ba. Ta farko, yaya za a raba kuɗin. Ta biyu, a rufe sashen ɗauri ko kada a rufe. Shugaban sashen zane yana da gaskiya. Mai kamfanin kuwa, in ya rufe sashen ɗauri don kawai abin da takardar rabo ta nuna masa, ribarsa raguwa za ta yi, kuma da alƙaluman da ka turo zan nuna maka hakan.

Mu fara da abin da kuke yi yanzu. Cinikin sashen zane 3,000,000 ne a wata, na bugu 4,500,000, na ɗauri 1,500,000. In aka taƙaita, ma'aunin ya zama 2:3:1. Ka tara su ka sami kaso 6, ka raba 1,800,000 gida shida, kowane kaso ya tashi 300,000. Zane ya ɗauki kaso biyu, 600,000. Bugu ya ɗauki uku, 900,000. Ɗauri ya ɗauki ɗaya, 300,000. Lissafin kansa babu kuskure a ciki, kuma duk wani rabo da ma'auni haka yake tafiya: a tara kason, a raba jimillar kuɗin da shi, a ninka wa kowa nasa, sannan a sake tarawa a tabbatar an dawo kan jimillar farko. Wannan ɗan makaranta ma zai yi shi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana wajen zaɓen abin da za a auna.

Ka tambayi kanka: mene ne haɗin ciniki da kuɗin haya? Mai gini bai san nawa kuka sayar ba, faɗin wurin da ya ba ku ya sani. Kamfanin wuta bai san cinikinku ba, abin da mita ta karanta yake karɓa. Kamfanin inshora darajar injin ya duba. Babu ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan da ciniki ya haifar. Abin da ma'aunin ciniki yake yi shi ne ya ɗora kaya a kan wanda ake ganin zai iya ɗauka, ba a kan wanda ya jawo kayan ba. Mutum biyar ne a sashen zane, suna zaune a ɗaki mai murabba'in mita 100 da kwamfutocinsu, amma an ɗora musu kashi ɗaya cikin uku na wutar da manyan injunan bugu ke sha. Dole shugabansu ya yi kuka.

Akwai wata illar da ta fi wannan ciwo, wadda mutane ba su cika lura da ita ba sai ta same su. A ce a wata mai zuwa cinikin sashen bugu ya faɗi zuwa 3,000,000, sauran sassan kuma ba su motsa ba. Jimillar ciniki ta koma 7,500,000, kason zane ya tashi zuwa kashi 40 cikin ɗari, kuɗin da za a ɗora masa ya zama 720,000. An ƙara masa 120,000 alhali bai ƙara taku ɗaya na wuri ba, bai ƙara kunna ko fitila ɗaya ba. Wani ne ya gaza, shi aka caje. Haka kuma in ya yi ƙoƙari ya ninka cinikinsa, sakamakon da zai fara gani shi ne ƙarin kaya a kansa. Ma'aunin da ke hukunta mai ƙoƙari ba zai daɗe ba sai mutane sun daina yarda da duk takardar da ta fito daga ofishinka, kuma akanta ba shi da jarin da ya wuce a yarda da alƙalumansa.

Gyaran yana farawa da daina yi wa kuɗaɗen kuɗin goro. Wannan 1,800,000 ba abu ɗaya ba ne, abubuwa huɗu ne, kowanne da abin da ke sa shi ya hau ko ya sauka. Kafin ma a zo rabo, ka tsaya ka tsince duk abin da za a iya cewa kai tsaye na sashe kaza ne. In akwai wani ma'aikaci da aka rubuta a ofis amma duk yininsa a sashen bugu yake, albashinsa na bugu ne gaba ɗaya, babu rabo a ciki. In takardar inshora ta fayyace kuɗin kowane inji, to ba ka buƙatar ma'auni, ka bi takardar. Rabo da ma'auni ƙiyasi ne, ana komawa gare shi ne idan an rasa hanyar sanin ainihin mai kaya. Duk kuɗin da ka iya fitarwa daga tukunyar gama-gari ka miƙa wa mai shi, ka rage gardama ke nan.

Abin da ya rage sai a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Haya 600,000 ce, kuma faɗin wuri ne ya kawo ta. Zane yana da murabba'in mita 100, bugu 300, ɗauri 200, wato 1:3:2. Zane 100,000, bugu 300,000, ɗauri 200,000. Wuraren da kowa ke bi, kamar baranda da wurin karɓar baƙi, kada ka sa su a cikin awon. In ka raba da faɗin sassan uku kaɗai, kuɗinsu ya riga ya bi ma'aunin ya watsu.

Wuta 400,000 ce. A nan na fi son a sa wa kowane sashe ƙaramar mita tasa, domin kuɗin sa ta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da rigimar da take kashewa. In babu, sai a ɗauki ƙarfin kowane inji kamar yadda aka rubuta a jikinsa a ninka da awannin da yake aiki. Ƙiyasin da ka turo ya ba da 1:7:2, wato zane 40,000, bugu 280,000, ɗauri 80,000. Wasu sukan raba wuta da faɗin wuri. Hakan ya yi daidai ga fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, amma a wurin da injuna ne ke shanye yawancin wutar, faɗin ɗaki ba ya faɗin komai.

Inshora da sabis ɗin injuna 300,000, su kuma darajar injunan suke bi. Naku 1:8:1 ne, don haka zane 30,000, bugu 240,000, ɗauri 30,000. Albashin ofis 500,000 shi ne mafi wuyar sha'ani, zan dawo kansa. A yanzu mu ɗauka yawancin aikinsu biyan albashi ne da kula da hutun ma'aikata da takardunsu, don haka yawan mutane ne ma'auninsa. Mutum 5, 12 da 8, jimilla 25, kowane kai 20,000. Zane 100,000, bugu 240,000, ɗauri 160,000.

In ka tara, zane ya tashi da 270,000, bugu 1,060,000, ɗauri 470,000. Jimilla 1,800,000, babu abin da ya ɓace. Dubi bambancin da kyau. Sashen zane ya sauko daga 600,000 zuwa 270,000, wato duk wata yana ɗauke wa wasu 330,000 da ba nasa ba. Bayan an cire kuɗin da kowane sashe ke kashewa kai tsaye, wato takarda da tawada da albashin ma'aikatansa, abin da ke saura a hannun zane 1,100,000 ne, bugu 1,300,000, ɗauri 250,000. A tsohon rabo ribar zane 500,000, ta bugu 400,000, ɗauri kuma asarar 50,000. A sabon rabo ribar zane 830,000, ta bugu ta sauko zuwa 240,000, asarar ɗauri ta hau zuwa 220,000. Ribar kamfanin gaba ɗaya 850,000 ce a duka biyun. Rabo ba ya ƙara wa kamfani ko rage masa komai, wurin zaman kuɗin kawai yake sauyawa a takarda.

Na san abin da zai faru in ka kai wa mai kamfanin wannan takarda haka nan. Zai ce ai ga shi, asarar ma ta fi yadda ya zata, a rufe kawai. A nan nake roƙonka ka tsaya tsayin daka, domin wannan ita ce babbar ɓarnar da rabon kashe-kashe ke jawowa a kamfanoni, kuma na sha ganin an tafka ta.

Tambayar da ta dace da shawarar rufewa ita ce: in an kulle ƙofar sashen ɗauri gobe, wane kuɗi ne zai daina fita daga kamfanin, wane kuma zai daina shigowa? Abin da zai daina shigowa shi ne 250,000 ɗin da sashen ke bari bayan ya biya kuɗin kansa. Abin da zai daina fita shi ne wutarsa, 80,000, da inshora da sabis ɗin injunansa, 30,000, in an sayar da su. Haya fa? Mai gini zai ci gaba da karɓar 600,000 ɗinsa cif. Ma'aikatan ofis fa? Da wuya a sallami wani don mutum takwas sun ragu cikin ashirin da biyar. Ke nan an tsirar da 110,000, an yi asarar 250,000. Ribar kamfanin ta sauko daga 850,000 zuwa 710,000. Sauran 360,000 da ake ɗora wa ɗauri ba su je ko'ina ba, sun koma kan zane da bugu. Ribar bugu, wadda dama 240,000 ce, za ta ƙara kankancewa har wani ya fara cewa shi ma ba ya tsinana komai. An gudu ba a tsira ba. Haka kamfanoni ke yanke sassansu ɗaya bayan ɗaya, kowane yanka yana sa na gaba ya zama kamar dole.

Ban ce ba za a taɓa rufe shi ba. Amsar tana iya juyawa, kuma ga inda za ta juya. Sashen ɗauri ya mamaye murabba'in mita 200, kashi ɗaya cikin uku na ginin. In yarjejeniyar hayarku ta yarda ku mayar da wannan ɓangare a rage muku 200,000, ko ku ba wani haya a kan haka, to abin da za a tsirar ya zama 310,000, ya ɗara 250,000 da 60,000. A nan rufewa ta fara yin ma'ana a lissafi. Sai dai ko a nan ma akwai abin da takarda ba ta nuna ba. Mutum nawa ne ke kawo muku bugu domin sun san a wuri ɗaya za a zana, a buga, a ɗaure musu? In kaɗan daga cikinsu suka koma wani wuri, wannan 60,000 ta tafi, ta ja wasu. Ka zauna da mai karɓar aiki ku duba rasitan wata shida, ku ƙirga ayyukan bugu nawa ne suka zo tare da ɗauri. Wannan ƙirga ta fi duk wani ma'aunin rabo amfani ga shawarar da ke gabanku.

Abin da sabon rabon ya faɗa game da sashen ɗauri gaskiya ne, amma ga abin da ya faɗa: sashen yana cin wuri da yawa da mutane da yawa idan aka kwatanta da abin da yake kawowa. Wannan dalili ne na a duba farashin ɗauri, a duba ko ana yin sa kusan kyauta don a riƙe masu bugu, a duba ko za a matse shi a ƙaramin wuri. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, John Maurice Clark, tun a 1923 ya yi dogon nazari a kan irin waɗannan kuɗaɗe, kuma abin da aka fi riƙewa daga gare shi shi ne kowace manufa da irin lissafin kuɗin da ya dace da ita. Alƙalamin da ya dace da sa farashi daban, wanda ya dace da auna ƙwazon shugaban sashe daban, wanda ya dace da shawarar rufewa daban. Takarda ɗaya ba za ta yi aikin ukun ba.

Bari in koma kan albashin ofis. Na raba shi da yawan ma'aikata, amma ka bincika me mutanen ofis ɗin suke yi da yininsu. In rabinsu aikinsu rubuta rasit ne da bin bashi, to yawan rasitan kowane sashe ya fi dacewa da wannan rabin. Akwai kuma kuɗin da duk yadda ka juya shi ba za ka samo masa ma'auni na gaskiya ba, kamar albashin babban manaja, kuɗin odita na shekara da kuɗin rajistar kamfani. Wani malamin lissafin kuɗi, Arthur Thomas, ya yi rubuce-rubuce a 1969 da 1974 yana cewa yawancin irin wannan rabo zaɓi ne kawai, ba a iya tabbatar da shi, ba a kuma iya ƙaryata shi. Ban bi shi har ƙarshen maganarsa ba, domin haya da faɗin wuri suna da alaƙar da ido ke gani. Amma a kan albashin babban manaja ya yi gaskiya. Shawarata ita ce a rahoton cikin gida kada ka raba irin wannan kuɗi sam. Ka nuna abin da kowane sashe ya bari, ka tara, sannan ka cire kuɗin hedikwata a dunƙule a ƙasa. In an ce lallai sai an raba, don sa farashi ko don wani mai ba da kwangila ya nema, to a nan ne ma'aunin ciniki yake da wurin zama, kuma a rubuta a fili cewa an zaɓe shi ne don babu wanda ya fi shi.

Ka kuma sani duk ma'aunin da ka zaɓa, mutane za su gyara halinsu su bi shi. In ka ce da yawan ma'aikata za a raba, shugaban sashe zai fara ƙin ɗaukar ma'aikaci na dindindin, ya koma ba da aiki waje ko da ya fi tsada, domin na waje ba ya shiga ƙirga. In ka ce da faɗin wuri, sai ka ga an kwashe tarkacen da ya shekara a lungu an ce a karɓi lungun. Na biyun alheri ne in akwai abin da za a yi da wurin, na farkon kuwa yana iya cutar da kamfani. Don haka kafin ka kafa ma'auni, ka tambayi kanka abin da mai wayo zai yi don ya rage kasonsa, ka ga ko abin nan zai amfani kamfanin ko zai cuce shi.

Wata dabara da ke kashe rigima da yawa ita ce a bambanta kuɗin da ba ya motsi da wanda ke bin aiki. Haya da inshora ba sa canzawa daga wata zuwa wata, don haka a yanke kasonsu sau ɗaya a farkon shekara, kowa ya san nasa, kada a taɓa shi sai in wani ya ƙara wuri ko ya sayi inji. Wuta kuwa a bi abin da aka sha a watan. Da haka babu wanda kasonsa zai hau saboda abin da maƙwabcinsa ya yi ko ya kasa yi. Kuma in za a auna ƙwazon shugaban sashe, a auna shi da abin da ke hannunsa. Shugaban ɗauri ba shi ya sa hannu a takardar haya ba.

Ba ka ambaci sassan hidima ba, amma kamfani irin naku yakan kasance da masu gyaran inji da masu kula da sito, waɗanda ba sa sayar da komai, sauran sassa suke yi wa aiki. Kuɗinsu ma sai an juye shi kan sassan da ke kawo ciniki, kuma abin da ke rikita ɗalibai shi ne su biyun suna yi wa juna aiki. A ce gyara yana cin 200,000, sito 100,000. Aikin gyara kashi 10 cikin ɗari na zane ne, 60 na bugu, 20 na ɗauri, 10 na sito. Aikin sito kashi 10 na zane, 50 na bugu, 20 na ɗauri, 20 na gyara. Hanya mafi sauƙi ita ce a kau da kai daga hidimar da suke yi wa juna, a raba gyara 1:6:2, sito 1:5:2. Bugu zai ɗauki 195,833. Akwai hanyar mataki-mataki, inda ake fara juye sashen da ya fi yi wa ɗan'uwansa hidima, a rufe shi, sannan a juye na biyun. Akwai kuma cikakkiyar hanya ta aljabara, inda za ka ce kuɗin gyara shi ne 200,000 da kashi 20 na sito, kuɗin sito kuma 100,000 da kashi 10 na gyara, ka warware su tare. Gyara zai fito 224,490, sito 122,449, kason bugu kuma 195,918. Bambancin hanya mafi sauƙi da mafi wuya 85 ne kacal cikin 300,000. Ba kullum yake zama ƙarami haka ba. In hidimar da suke yi wa juna tana da yawa, ko kason sassan ya sha bamban sosai, tazarar takan buɗe. Ka gwada sau ɗaya, in ka ga irin wannan tazara, ka riƙe mai sauƙin ka huta.

Rabo tsakanin sassa rabin tafiya ne. Manufar ƙarshe ita ce kuɗin ya sauka kan aikin da ake sayarwa, domin a san nawa kowane aiki ya ci. Tun a 1901 wani injiniya ɗan Ingila, Alexander Hamilton Church, ya yi ta jan hankalin masu masana'antu cewa su daina shafa kaso ɗaya a kan komai, su ɗauki kowane inji ko rukunin injuna a matsayin cibiya mai kuɗinta, su fitar da kuɗin awa ɗaya na aikinsa. Har yau haka ake yi. Sashen bugu inji ne ke jan ragamarsa, don haka awannin inji ne ma'auninsa. In a wata na yau da kullum injunanku suna yin awa 2,000, to 1,060,000 a raba da 2,000 ya ba da 530 a kowace awa, aikin da ya ci awa 10 ya ɗauki 5,300. Sashen zane da na ɗauri hannu ne ke aiki, sai a bi awannin ma'aikata.

A nan akwai rami. A ce kasuwa ta ja baya, injuna suka yi awa 1,500 kawai, kuɗin kuma don sauƙin misali mu ce bai canza ba. In ka sake rabawa da 1,500, awa ɗaya ta koma kusan 707. Wanda ya bi wannan alƙalami zai ƙara farashi daidai lokacin da masu saye suka yi ƙaranci, su ƙara guduwa, awanni su ƙara raguwa, farashi ya ƙara hawa. Abin da ya dace shi ne a tsaya a kan 530. Ayyukan watan za su ɗauki 795,000, ragowar 265,000 kuma a rubuta shi da sunansa, kuɗin zaman banza na injuna, ya tafi cikin asarar watan inda mai kamfani zai gan shi ƙuru-ƙuru. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai kula da kayan ajiya, IAS 2, haka ta tanada: kuɗin masana'anta marar motsi ana ɗora shi kan kaya bisa yawan aikin da aka saba yi, abin da bai ɗoru ba kuma kashewa ce ta wannan lokaci. Ƙa'idar ta kuma hana a cusa kuɗin talla da sayarwa, da kuɗin ofis da ba shi da hannu a sarrafa kaya, cikin darajar kayan da ke sito. Don haka 530 ɗin nan ta sa farashi ce. In za ka ƙiyasta darajar aikin da bai kammala ba a ƙarshen shekara, sai ka cire kason ofis tukuna, in ba haka ba odita zai dawo maka da shi.

Abu na ƙarshe da zan so ka duba, domin a harkar ɗab'i yana da nauyi. Awannin inji ba sa kama kuɗin shiri. Haɗa faranti, wanke inji, daidaita launi, duk wahala ɗaya ce ko kwafi 200 za a buga ko 20,000. A ƙarshen shekarun 1980 Robin Cooper da Robert Kaplan na Jami'ar Harvard suka yaɗa tsarin da ke bin kuɗi ta ayyukan da suka haifar da shi, bayan sun lura cewa ma'aunin da ke bin yawan kaya yana sa manyan ayyuka su riƙa biya wa ƙanana. A ce shirin inji yana cin 300,000 a wata kuma sau 60 ake yin sa. Kowane shiri 5,000 ke nan. A aikin kwafi 200, kowane kwafi ya ɗauki 25. A aikin kwafi 20,000, kowane kwafi ya ɗauki 0.25. In kun narkar da wannan kuɗi cikin kuɗin awa, kuna yi wa masu ƙananan ayyuka araha fiye da kima, kuna tsauwala wa masu manya, kuma manyan ne abokan gasarku za su fara janyewa. Ba na ba kamfani mai mutum 25 shawarar ya kafa cikakken tsarin nan, ɗawainiyarsa za ta fi amfaninsa. Ku ware kuɗin shiri kaɗai ku caje shi a kan kowane aiki, ya wadatar.

In za ka shiga wurin mai kamfanin, ka riƙe takardu biyu. Ta farko sabon rabon, kowane kuɗi da ma'auninsa da dalilin zaɓensa a rubuce a gefe, kuma ka nuna wa shugabannin sassan uku ita kafin taron, su auna ɗakunansu da kansu, su ƙirga mutanensu, su sa hannu. Shugaban bugu zai ji zafi domin an ƙara masa 160,000, na ɗauri an ƙara masa 170,000, gara su ji daga bakinka da awo a hannu. Ta biyu takardar rufewa, mai layi uku kawai: abin da za a rasa 250,000, abin da za a tsirar 110,000, da abin da za a tsirar in an iya mayar da wurin, 310,000. Kafin ranar, ka nemo takardar yarjejeniyar haya ka karanta sharaɗin mayar da wani ɓangare ko ba da shi haya ga wani, ka kuma kammala ƙirgar ayyukan bugun da suka zo tare da ɗauri.